A Ɗaga Kafet Ko A Bar Wa Rana? Gardamar Motar Da Ta Sha Ruwa

Duk mai riƙe sitiyari tsakanin Shinkafi, Zurmi da Kaura Namoda ya san abin da watan Agusta ke yi wa mota. Ba sai Gulbin Gagare ya tumbatsa a Kaura ko Gulbin Bunsuru ya ci gaɓarsa a ƙasar Zurmi ba. Kwalbati ɗaya ta toshe, ko ruwan dare ya sauka a kan motar da aka ajiye a kwari, ko direba ya kutsa mashigi yana zaton ruwan iya idon sawu ne, shi ke nan. Da safe a buɗe ƙofa, a taka kafet, ruwa ya ɓullo ta gefen takalmi.

A kan inji babu mai gardama. In ruwa ya kai inda inji ke shan iska, ba a murza makulli sai makanike ya duba, domin injin da ya zuƙi ruwa yana iya lanƙwasa ƙarafansa nan take. In an zaro ma'aunin baƙin mai aka ga ya koma kalar shayi da madara, juye shi ya zama dole. Wannan ko yaron mota ya sani. Inda hankula suka rabu shi ne motar da ta tashi lafiya, tana tafiya sumul, amma cikinta sharkaf. Wasu sun ce a kwance kujeru, a ɗaga kafet da abin da ke ƙarƙashinsa, a wanke a shanya a waje, ko da motar za ta kwana uku ba ta yi lodi ba. Wasu kuwa sun ce a tsane ruwan da tsumma, a wangale ƙofofi huɗu a ba rana, gobe a koma tasha. Kowane ɓangare yana da tsofaffin direbobi da ƙwararrun makanikai a cikinsa, shi ya sa maganar ta ƙi ƙarewa.

Abin da masu cewa a ɗaga suke riƙe da shi

Hujjarsu ta farko tana cikin yadda aka ƙera kafet ɗin kansa. Abin da ƙafa ke takawa fuska ce kawai. A bayanta akwai shafen roba, a ƙarƙashin robar kuma akwai soso mai kauri ko wata dunƙulalliyar auduga da kamfani ya shimfiɗa don ta tare ƙarar hanya da zafin salansa. Ruwa yana samun hanyar shiga wurin ta gefen ƙofa da ramukan notin kujera, amma hanyar fita ba ya da ita, saboda robar nan ta rufe shi ta sama, ƙarfe ya rufe shi ta ƙasa. Kamar katifar da yaro ya jiƙa ce: a taɓa yadin a ji ya bushe, a danna da gwiwa ruwa ya fito. Don haka, in ji su, mai shafa hannu a kan kafet ya ce ya bushe, fuskar kawai ya shafa.

Sai maganar lokaci. Hukumar kare muhalli ta Amurka tana ba da shawarar a busar da duk abin da ya jiƙe cikin awa 24 zuwa 48, domin daga nan fumfuna ke soma kamawa. Masu wannan ra'ayi sukan ce a duba iskar Agusta a ƙasar Shinkafi, inda ko rigar da aka wanke takan wuni a kan igiya da sauran laima. To ina ga soson da ke danne tsakanin roba da ƙarfe? Kafin ya bushe da kansa sai an yi makonni, kuma kafin nan warin ya riga ya zauna. Turaren mota ba ya korar irin wannan wari, haɗuwa suke yi su ba da wani na uku da ya fi su muni. Fasinja mai asma ko jariri a goye, su ke fara gane motar da ta kwana da ruwa.

Tsatsa ita ce ta uku, kuma ita ba ta gaggawa. Takan fara daga inda fenti ya ɗan ɓantare, ta bi layin walda, ta kama notin da ke riƙe da kujera da na bel. Bayan damina biyu ko uku sai a ga mai mota a wurin mai walda ana yi wa ƙasan motarsa faci da guntun ƙarfe, yana zargin hanya.

Amma inda suka fi tsayawa shi ne wayarin. Motocin zamani suna da damin wayoyi da ke bi ta ƙarƙashin kafet daga gaba zuwa baya. A yawancinsu, na'urar da ke ba jakar iska umarnin fashewa lokacin haɗari tana zaune a ƙasa, kusa da giya. A ƙarƙashin kujerun gaba akwai soket masu launin rawaya, na jakar iska da na bel. Wasu kamfanonin ma sun fi haka ganganci. Volkswagen Passat da aka ƙera daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa 2005 ta yi ƙaurin suna a kan wannan, domin akwatin da ke sarrafa gilasai da makullan ƙofofinta a ƙarƙashin kafet yake, daidai inda ƙafa ke sauka. Sau da yawa ruwa ba ya kashe irin wannan na'ura ran da ya shiga. Soket ɗin zai yi ta tara wata koriyar tsatsa a hankali, sai bayan wata ɗaya ko biyu gilashi ya ƙi sauka, fitila ta kama da kanta cikin dare, batir ya riƙa wayar gari babu caji, ko mota ta mutu tana cikin gudu. Lokacin ba wanda zai tuna da ruwan Agusta. Mai wayarin zai yi ta canje-canje, mai mota ya yi ta biya.

A nan ne suke kawo maganar da ke sa majalisa ta yi tsit. Mutuwar mota a titin Kano ɓata lokaci ne kawai. Mutuwar mota a dajin da ke tsakanin Shinkafi da Kaura, ko a hanyar Isa, ko tsakanin Zurmi da Jibiya, a shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi yankin, wani abu ne daban. Direban da ya ɗauki rayuka, in ji su, ba shi da ikon yin caca da waya.

Martanin masu cewa a bari

Waɗannan ba sakarkaru ba ne, kuma kuskure ne a ɗauka lalaci ke magana da bakinsu. Abu na farko da za su tambaye ka shi ne: wa zai ɗaga kafet ɗin? A takarda aikin mai sauƙi ne. A gareji kuwa maigida yakan miƙa wa yara sifana ya tafi wani aikin. Kafet ɗin mota a dunƙule yake, an gasa shi ya ɗauki siffar ƙasan motar, kuma maƙalan roba ne ke riƙe da shi da robobin bakin ƙofa. Motar da ta shekara ashirin tana shan ranar Zamfara, maƙalanta sun bushe, taɓawa ɗaya suke jira su karye. A mayar da kafet ya ƙi zama, robar bakin ƙofa ta riƙa rawa, notin kujera ɗaya ya ɓata a ɗaure da uku. Mafi muni, yaro ya zare soket ɗin rawaya ba tare da an cire kan batir an jira 'yan mintoci ba, ko a kunna mota kujera tana waje. Fitilar jakar iska ta kama a dashbod, kuma a motoci da yawa ba ta mutuwa sai an jona kwamfuta, abin da kan sa mutum ya dangana da Gusau. Wannan, in ji su, shi ne gyaran gangar auzinawa: wayar da ake tsoron ruwa ya lalata cikin wata biyu, hannu ya lalata ta cikin minti biyu.

Na biyu, wace mota ake magana a kai? Motar haya a wannan yanki ba Passat ba ce. Golf ce tsohuwa, ƙirar shekarun 1990, da bas-bas da Kanta. Tsohuwar Golf ba ta da tarkacen na'urori a ƙarƙashin ƙafa kamar na 'yan yanzu, akwatin fis ɗinta ma a sama yake, ƙarƙashin dashbod. Ƙasan motar yana da ramuka da aka toshe da roba tun daga kamfani, haka ma ramin taya a but. A zare su ruwa ya tsiyaye, a jingina motar a gangare, a danna kafet da buhu da tsumma har ya daina kawo ruwa. Sauran aikin na rana ne. Ko a tsakiyar damina, ranar Shinkafi in ta buɗe ba wasa take yi ba, kuma cikin mota ya fi waje zafi nesa ba kusa ba. Wanda motarsa ke da na'urar sanyaya iska mai aiki, ya kunna ta tare da hita, domin na'urar tana tsotse laimar iska ta zubar a ƙarƙashin mota. Wannan gaskiya ne, duk wanda ya ga ɗigon ruwa a inda mota mai sanyi ta tsaya ya ga shaida.

Na uku ita ce hujjar aljihu, kuma ita ce gaskiyar abin da ke zuciyar yawancinsu. Direban haya da ba motarsa ba yana kai balas kullum. Kasuwar Shinkafi ranar Alhamis take ci, kuma ita ce ranar da ke ɗauke nauyin mako. In ruwa ya shiga mota daren Talata, wanda ya ce a kwance kujeru ya ce a yafe kasuwa ke nan. Mutanen nan ba su manta da 2021 ba, lokacin da gwamnatin jihar Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako aka kuma katse layukan waya saboda matsalar tsaro, motoci suka yi ta zaman jiran tsammani. Ko yanzu awannin da ake iya bin hanya ƙididdigaggu ne, ba mai son dare ya riske shi. Wanda kwanakin aikinsa suka riga suka ragu, kwana uku ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa. Inshora kuwa ba ta shigo cikin lissafi ba. Takardar da akasarin masu mota ke yanka, wadda kuɗinta ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023 ga motar gida, ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba ruwan da ya shiga taka ba.

Zagaye na biyu

Masu ɗagawa ba su rasa amsa ba. Game da na'urar sanyi, sukan yi dariya su ce a nuna musu Golf ɗin haya guda a tashar Shinkafi da tata ke aiki. Ko tana aiki, tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Barin inji yana ruri awa biyar don busar da soso ba araha ba ne. Game da rana kuma, sun ce zafi ba ya kawar da ruwa sai da iska mai ɗauke shi. In an rufe gilasai don zafi ya taru, ruwan ya zama tururi ya haye cikin dashbod da rufin mota, da dare ya huce ya koma inda ya fito, har ma ya kai inda da bai kai ba. In kuma an bar ƙofofi a buɗe, dole mutum ya zauna gadi, ido ɗaya a sama saboda hadari.

Daga nan sai su koma kan irin ruwan. Ruwan da ya zubo ta gilashin da aka manta ba a rufe ba, ruwan sama ne tsabtatacce. Ruwan da ya taso daga ƙasa a cikin gari kuwa ya biyo ta kwata, ya wanke juji, wani lokaci ya cika masai ya fito da abin da ke ciki. A irin wannan ruwa ƙwayoyin kwalara da na sauran cututtukan ciki suke yawo. Busar da shi a inda yake na nufin an ajiye laka da ƙazanta a ƙarƙashin ƙafar fasinja, inda mata ke ajiye ƙullin abinci, yara ke zama in mota ta cika. Har sukan ƙara da hujjar addini: a mazhabar Malikiyya da akasarin mutanenmu ke bi, bushewa ba ta tsarkake najasa, sai an bi ta da ruwa mai tsarki. Direba da fasinja za su sauka su yi salla da tufafin da suka goga a wurin.

Masu bari kuwa sun je makarantar zaure su ma. Za su tunatar da kai cewa Mukhtasar na Shehu Khalil ya sanya caɓin ruwan sama na kan hanya cikin abubuwan da aka yi rangwame a kansu, ko da ya ɗan gauraya da najasa, matuƙar ba ita ta rinjaya ba. Ni dai na bar wa malamai wannan fage, amma na lura kowane ɓangare yakan tuna babin da ya dace da aljihunsa ne. Sukan kuma ce ai wanki ba ya bukatar kwance mota: a zuba ruwa mai kyau da omo a kan kafet ɗin a inda yake, a goge da buroshi, ruwan ya fita ta ramukan ƙasa. Kuma damina ba ta dawwama. Daga Oktoba iska ke juyawa, hunturu na shigowa babu soson da zai rage da ɗigon ruwa.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce mafi rauni a cikin nasu. Tsakanin tsakiyar Agusta da shigar hunturu akwai wata biyu ko fiye, kuma fumfuna da tsatsa ba sa jiran kaka.

Wanda ba ya majalisar

Akwai mutum na uku da gardamar ta shafa amma ba a gayyace shi ba, shi ne wanda zai sayi motar nan gaba. Guguwar Harvey da ta afka wa birnin Houston na Amurka a Agustan 2017 ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci. A can, motar da kamfanin inshora ya yanke cewa ruwa ya gama da ita akan yi wa takardarta tambari, a kai ta gwanjo. Irin waɗannan gwanjo na cikin inda dillalai ke sayo motocin da ake saukewa a Kwatano da Legas, a wanke su, a fesa musu turare, su zo hannunmu suna ƙyalli. A gida ma haka ne. Lokacin da madatsar Alau ta ɓalle ranar 10 ga Satumban 2024, motoci masu ɗimbin yawa sun kwana cikin ruwa a Maiduguri, a daminar da Gummi ma ta sha nata ambaliyar a nan Zamfara. Ba a binne motocin nan ba, suna kan hanya, wasu sun canja hannu.

Abin sha'awa, kowane ɓangare yana jawo wannan misali gefensa. Masu ɗagawa sun ce ga shi nan, ciwon wayarin da ke damun wasu motocin Kwatano, wanda makanike ya rasa kansa, ruwan wata ƙasa ne da ba a fitar ba. Masu bari sun ce a'a, waɗancan motoci ne da ruwa ya shanye har dashbod, wasu ma ruwan gishiri na teku, wanda cin ƙarfensa da waya ya ninka na ruwan daɗi. Kada a haɗa su da motar da ruwan Gagare ya laso wa kafet na rabin awa. A nan masu bari sun fi gaskiya. Sai dai darasin mai saye yana nan daram: ya leƙa ƙarƙashin kujera da tocila ya ga ko layin da take gudu a kai ya yi tsatsa, ya zaro bel har ƙarshe ya nemi shatin ruwa, ya ɗaga taya a but ya duba busasshiyar laka, ya kuma yi hattara da tsohuwar mota mai sabon kafet.

Tankaɗe da rairaya

In aka zauna aka auna, za a ga sau da yawa ɓangarorin biyu ba mota ɗaya suke magana a kai ba, ba kuma ruwa ɗaya ba. Mai cewa a ɗaga yana hango Corolla ko Honda ta ma'aikacin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda, mai jakar iska da na'urori a ƙasa. Mai cewa a bari yana hango Golf ɗin da ta sha buhunan gero da awaki har kafet ɗinta ya zama tarihi. A ganina, motar zamani da ruwa ya kwanta a cikinta har ya taɓa ƙafar kujera, ko kowace irin mota da ruwan kwata ya shiga, hujjar masu ɗagawa ta fi nauyi a kanta, da sharaɗin a cire kan batir tukuna kuma maigidan gareji ya tsaya da kansa. Soson da ya sha ruwan masai ma ba wanki ya dace da shi ba, jefarwa ce. Ruwan sama kaɗan da ya zubo ta gilashi a tsohuwar mota kuwa, kwance kujeru dominsa wahalar da kai ce.

Akwai kuma hanyar tsakiya da direbobi da yawa ke bi ba tare da sun shiga gardamar ba. A cire robar bakin ƙofa kawai, a ɗaga gefen kafet a tokare shi da guntun katako, a cusa tsumma a matse soson, a saita fanka ta riƙa hura iska ta ƙarƙashi. Ba a taɓa kujera ba, ba a taɓa soket ba, amma an buɗe wa ruwa ƙofa. Ba ta kai wanki ba, ta dai fi shafa hannu a sama. Wasu masu motar haya sun yanke wahalar gaba ɗaya, sun fitar da kafet da soso sun shimfiɗa roba ko ledar ɗaki. Sun sami sauƙin wanki, sun sayi ƙara da zafin salansa a tafin ƙafa, kuma in ba a riƙa ɗaga ledar ana goge ƙarƙashinta ba, ita ma tana ɓoye ruwa. Abin da masu hankalin ɓangarorin biyu suka haɗu a kan haramta shi kuwa shi ne sanya kaskon garwashi a cikin mota, da barin inji yana aiki a rufaffen gareji. Na farko gobara ce, kuma duka biyun suna fitar da iskar da ke kisa ba tare da an ji warinta ba.

Abin da na kasa rabawa shi ne motar da ke tsakiya, wadda ita ce ta fi yawa: ta haya, mai shekaru, ruwan gulbi mai laka amma ba na kwata ba, kuma gobe Alhamis. A nan lissafin ya daina zama na soso da waya, ya koma na wa zai biya. In an kwance ta, direba ne ke asarar yau, shi da yaronsa da iyalinsu. In an bari, mai mota ne zai biya mai walda da mai wayarin baɗi, ko ya sayar kafin nan wani ya gaji ciwon. Da Alhaji mai mota zai ce ya yafe balas na kwana uku, da direbobi da yawa da ke rantsuwa da ranar Shinkafi sun ɗauko sifana da kansu. Shi kuma Alhajin zai ce ba shi ya tura motar cikin mashigi ba, kuma wanda ya jiƙa shi ya kamata ya shanya. Ko shugabannin tasha da aka kai wa irin wannan ƙara, sai sun fara tambayar inda motar ta kwana da wanda ya ajiye ta a wurin kafin su ce uffan.